Hoton Goggo Hasana

Unguwar Auta, ta Dutsi,
Masarautar Daura.
14 ga Janairu, 2024.

Zuwa ga mai girma Sarkin Zangon Hausawa na Anacha, da dattawan da ke zaune tare da shi, Allah ya ƙara muku girma da lafiya. Ina roƙon alfarma a miƙa wannan takarda hannu da hannu ga yayana kuma taubashina, Malam Suhaibu mai injin niƙa, wanda kunnensa ya yi nauyi. Ba sai an karanta masa ba, ya iya karatu.

Yaya Suhaibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mahaifina Baba Maliki yana gaishe ka, tarin nasa ya yi sauƙi. Mai ɗakina Amatullahi tana gaishe ka. Mahaifiyarka, Goggo Hasana, tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwa da ke damunta idan za ta tashi daga zaune.

Magana ta farko. Wannan rubutu da kake gani nawa ne. Ni Dabo na riƙe alƙalami da hannuna, babu wanda ya kama mini. Wata goma sha ɗaya na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Dutsi, kuma cikin mutum goma sha bakwai ni na zo na biyu. Wanda ya zo na ɗaya ya taɓa yin firamare yana yaro, saboda haka masu adalci sun san wane ne na ɗaya. Dalilin shigata kuwa kai ne. Tun da ƙarar inji ta cinye maka kunne, waya ta daina yi mana amfani. Ina ihu har maƙwabta su san abin da muka dafa, kai kuma kana cewa iye. Sai na ga gara in zauna a benci da furfurata.

Magana ta biyu. Badaru direban tirelar shanu ya isar mini da saƙonka, cewa kana son hoton Goggo, don shekara goma sha uku rabonka da fuskarta. Na ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Na ari babbar wayar Abbas mai shago. Kwana uku Goggo tana ƙi. Ranar da ta yarda, na ajiye mata kujerar roba a gaban sabon ɗakina na bulo, amma ko kallonta ba ta yi ba. Ta ja kujerarta ta tsuguno har ƙofar tsohon ɗakinka na ƙasa, ta zauna, ta kawar da fuska gefe. Ka san halinta da kai, ɗan fari: ba ta faɗin sunanka, ba ta kallonka. Na ce, "Goggo, a dubo nan." Ta ce, "A ɗauka haka, ko a bari."

Hoton da ya fito bai dace da mutumin birni irinka ba. Akwai duhu, ga bangon ƙasa, ga akuya a gefe, ga ido a ƙasa. Saboda haka na hau mota zuwa Daura, shagon hoto na Oga Boniface, inda 'yarsa Onyinye take gyaran hoto a kwamfuta. Yaya, na ga ilimi. Ina zaune ta share tamojin goshin Goggo. Ta goge tsagar kuncinta, ta haskaka fatarta, ta mayar da haƙoranta farare kamar ba ta taɓa cin goro ba. Da na yi ƙorafin idon, sai ta juyo da fuskar, ta ɗago idon, ga Goggo tana kallona sosai.

Sannan ta cire bangon, ta nuna mini abubuwan da za a iya sawa a baya: gidan bene, lambun furanni, teku. Can na hango farin girgije ya taru, haske yana saukowa ta cikinsa. Na ce wannan. Ta ce, "Baba Dabo, wannan ba na irin wannan hoton ba ne." Na sanar da ita cewa ni manomi ne, kuma a ƙasar Daura babu abin da ya kai girgije kyau da albarka. Uban nata yana gefe yana gunaguni, na lura irin tsofaffin nan ne masu jin haushin sabon abu.

Ga hoton nan na sa a tsakanin kwali biyu. Ka rataye shi inda baƙi za su gani.

Ni ne ƙaninka mai biyayya,
Dabo Maliki,
Mataimakin Shugaban Ƙungiyar Manoman Gero, Unguwar Auta.

*

Unguwar Auta.
9 ga Maris, 2024.

Yaya Suhaibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, sai zafi da ya fara shigowa. Goggo lafiya lau, tana shirin azumi.

Yau kwana hamsin da biyar ke nan da tafiyar takardata. Sau uku Badaru ya je ya dawo, kowane zuwa ina tare shi a bakin kasuwar Mashi, ya buɗe mini tafin hannu babu komai. Ya ce ya miƙa a fadar Sarkin Zango, kuma da ya bi ta wurin injinka ya tarar da shi a rufe.

Ban rubuto don a yaba mini ba. Amma mutumin da ya yi wata goma sha ɗaya a benci, ya kuma yi tafiya har Daura, ya cancanci a ce masa an gani. Idan rubutun ne bai karantu ba, ka faɗa, zan ƙara girman baƙaƙen.

Goggo ba ta tambaya ba, ka san ba za ta tambaya ba. Sai dai duk ranar da na dawo daga Mashi ina tarar da ita tana tsintar wake a kusa da zaure, wurin da ba ta saba zama ba. In na wuce ban ce komai ba, sai ta kwashe waken ta koma ciki.

Ƙaninka,
Dabo Maliki.

*

Anacha.
24 ga Maris, 2024.

Dabo,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina gaida Kawu Maliki da iyalinka. Na ga takardunka biyu.

Yaushe ta rasu?

Ka faɗa mini ranar, da wadda ta yi mata wanka, da inda aka sa ta. Ni ba yaro ba ne.

A gaban maƙwabcina Chiemeka mai sayar da garin rogo na buɗe kwalin. Yana ganin hoton ya cire hularsa ya dafa kafaɗata. Matarsa Nwanneka ta ɗora hannu a ka. Ba na jin abin da suke cewa, amma na san fuskar ta'aziyya. A garin nan, Dabo, kowane bango da kowane turken lantarki akwai irin wannan hoto: fuska sumul, girgije a baya, haske daga sama. Mamaci ake yi wa shi. Kullum sai na wuce guda ashirin kafin in kai wurin inji.

Na ce a raina, ƙila mutanen gida ba su san wannan ba. Sai na zauna na dubi fuskar. Ina tsaga ukun da ke kuncinta na hagu, wadda nake ƙirgawa ina yaro idan tana daka ina gefe? Ina goron haƙorinta? Duk wannan da sauƙi. Idon ne ya kashe mini jiki. Shekarata hamsin da ɗaya a duniya, Inna ba ta taɓa kallon tsabar idona ba. Ranar da zan taho ma, tukunya take kallo ta ce Allah ya tsare. Wannan matar ta cikin girgije kuwa ta zuba mini ido kamar mai sayar da magani a tasha. Ba uwata ba ce. Na gane cewa ba ku da mai rai da za ku ɗauka, shi ya sa kuka haɗa wannan.

Na sami Badaru a zuwansa na ƙarshe, ya yi ta ɗaga mini babban yatsa wai tana lafiya. Haka ni da kai muka yi wa abokinmu Kabiru lokacin da mahaifinsa ya rasu, shi yana Agadas. Muka ce jiki ne ya ɗan motsa, ya zo ya duba. Sai da ya tsallako iyaka a Kongolam ya ji gaskiya a bakin mai shayi. Na san yadda muke yi wa na nesa.

Na rufe inji kwana bakwai. Na yi sadakar waina, malamai sun yi addu'a, jama'ar zango sun zo sun zauna da ni a tabarma. Ban iya rubuto maka ba sai yau.

Ka koyi rubutu, taubashi, madalla. Amma da ƙarya ka buɗe littafin.

Suhaibu.

*

Unguwar Auta.
15 ga Afrilu, 2024.

Yaya Suhaibu,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Kowa lafiya.

Goggo tana da rai.

Na ware wannan magana a layinta ita kaɗai don kada idonka ya tsallake ta. Tana da rai, ta yi azuminta talatin cif, kuma yau da safe ta yi wa Amatullahi faɗa a kan daddawar miya. Ban gaya mata an yi sadakarta ba. Baba Maliki na gaya wa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, daga nan ya ce in tashi in ba shi wuri.

Takardarka ta iso ana saura kwana biyar Sallah. Sau uku na karanta, ina fatan karatuna ne ya gaza. Washegarin Sallah na tafi Daura. Zan rubuta yadda aka yi dalla-dalla, don ka san ban zauna ba.

Na shiga shagon na karanta musu takardar a tsaye. Onyinye ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Allah! Baba Dabo, ai na faɗa maka!" Na ce ba ta faɗa da ƙarfi ba. Ta ce, "Ka bar ni na ƙarasa? Ka ce kai manomi ne!" A nan Daura aka haife ta, bakinta ya fi nawa kaifi.

Oga Boniface ya cire tabarau ya ce, "Girgijen laifinka ne, Malam Dabo. Amma idon laifin gidana ne." Ya juya kan 'yarsa: "Wa ya ce ki taɓa idon tsohuwa?"

Ta ce, "Baba, wa ke zuwa shagon nan ya ce a bar masa ƙurajensa? Amare gyara suke so. Masu neman aiki gyara suke so. Kai ma hotonka na bango, ni na rage maka sanƙo."

Ya ce, "Sanƙona nawa ne, na yarda. Ita tsohuwar kin tambaye ta?"

Ta ce ai shi ma gyara yake yi, tunda yana juya mutum, yana jawo haske, yana cewa a ɗaga haɓa. Ya ce wannan gyara ne a gaban mai fuska, tana gani, tana iya cewa a'a. Ya ce shekara talatin da biyu yana ɗaukar mutanen Daura, kuma shi a wurinsa aiki yana ƙarewa ne kafin yatsa ya danna: ka nemi haskenka, ka zaunar da mutum, ka jira shi ya zama kansa. Ta ce da haka ne da yanzu sun rufe shago. Suka koma yarensu, ban ƙara fahimta ba, amma na ga hannuwa suna tashi.

Na nemi hoton asali, wanda ba a taɓa ba, don in aiko maka. Onyinye ta ce ba ta ajiye na asali in an gama aiki. Na dawo wurin Abbas, ashe ya yi musanyar wayar a Kongolam tun kafin azumi. Saboda haka babu shi a duniya.

Bayan dogon tunani, na amince cewa akwai kuskure a wajena. Ban yi ƙarya ba, wannan kalma ta yi mini nauyi kuma ina roƙon ka janye ta. Na so ne ka ga Goggo cikin daraja, kada mutanen birni su ga bangon ƙasa su raina ka.

Yanzu ina da tambaya, kuma ina yin ta da ladabi. Tirelar Badaru tana zuwa duk mako biyu. Me ya hana ka hawa ka zo ka gani da idonka? Shekara goma sha uku, Yaya. Ba ka yi faɗa da kowa ba. Ɗakin naka ma yana nan, kowace shekara sai Goggo ta sa an baibaye shi da sabuwar ciyawa, an yi masa yaɓe, alhali ba mai kwana a ciki.

Ƙaninka,
Dabo Maliki.

*

Anacha.
5 ga Mayu, 2024.

Dabo,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na janye kalmar. Kai ba maƙaryaci ba ne, wawa ne kawai, kuma wannan tun muna kiwon awaki na sani.

Zuciyata tana so ta yarda. Na nuna wa Chiemeka layin da ka ware, ya rungume ni, Nwanneka ta yi rawa a bakin inji. Amma idan na kwanta sai Kabiru ya faɗo mini.

Na koma takardarka ta farko na sake karantawa a hankali. Ka ce ta ƙi kujerar roba, ta ja tata zuwa ƙofar ɗakina. Yanzu kuma ka ce kowace shekara tana baibaye shi. Dabo, matar da ba ta iya faɗin sunana ta zaɓi inda za ta zauna don in ga abin da ke bayanta. Wannan bangon shi ne takardar da ta rubuto mini. Kai kuma ka kai Daura aka goge.

Ka tambaye ni abin da ya hana ni zuwa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ka san yadda take magana da ni. Ba ta taɓa ce mini ga abinci ba. Sai ta juya baya ta ce wa bango, "A gaya wa wancan tuwonsa zai huce." In na yi zazzaɓi, sai in ji ta a bayan zana tana ce wa maƙwabciya, "Wancan bai yi barci ba jiya." Duk abin da na sani na ƙaunarta, da kunne na tsince shi, daga gefe. Yanzu kunnen babu. A nan ina gane maganar mutane ne idan sun fuskance ni ina kallon bakinsu. Ita kuwa ba za ta fuskance ni ba. Zan zo in zauna a tsakar gidanmu, ta juya baya tana yi wa bango magana a kaina, ni kuma ina kallon ƙeyarta kamar dutse. A nan aƙalla ina tuna muryar. Idan na zo, zan tabbatar na rasa ta.

Ga abin da nake roƙo. Ka ɗauko tsohon nan Boniface, ba 'yar ba. Ya ɗauke ta yadda take, a inda ta zaɓa, ta kalli inda ta ga dama. Kada a cire ko ƙuda. In na ga gefen fuskarta da tsagarta, zan san tana da rai, kuma ya ishe ni.

Suhaibu.

*

Unguwar Auta, ta Dutsi,
Masarautar Daura.
3 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga yayana Malam Suhaibu, ta hannun mai girma Sarkin Zango.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, kowa lafiya. An yi ruwan farko, mun yi shuka. Na karɓi kalmar wawa a matsayin wasan taubashi, ba a matsayin hukunci ba.

Kafin ka buɗe kwalin, ka karanta wannan takarda har ƙarshe. Ina da dalili.

Da takardarka ta iso, na yi shawara da kaina kwana biyu. Ba zan iya zama a gaban Goggo in karanta mata irin wannan magana ba. Sai na yi mata irin nata. Na jira tana tankaɗe a tsakar gida, na zauna a bayan zana tare da Baba Maliki, na karanta masa da murya mai ƙarfi, tun daga wawa har zuwa ya ishe ni. Na ji rariyar ta tsaya. Can ta ci gaba da tankaɗenta. A rana ta uku tana ba akuya dusa ta ce, "Wai mai hoton nan na Daura ƙaura ya yi ne?"

Ranar Alhamis talatin ga Mayu, Oga Boniface ya iso bayan azahar da kyamararsa. Onyinye ta biyo shi, ta ce ita ta ɓata, dole ta riƙe wani abu. Ta durƙusa ta gaida Goggo ta nemi gafara. Goggo ta ce, "Ke ce kika mayar da ni yarinya? Da kin haɗa da gwiwar."

Goggo ta ja kujerarta zuwa ƙofar ɗakinka. Ta ɗage asabarin da kanta, abin da ba ta yi ba a karon farko. A ciki an share, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga buta cike da ruwa. Ta zauna ta kawar da fuska.

Na zaci za a danna a tashi. Oga Boniface ya dubi sama ya ce rana ta yi tsauri, za ta rufe idon tsohuwa da inuwa. Ya nemi kujera ya zauna. Muka yi ta jira har aka yi la'asar. Ya sa Amatullahi da Onyinye suka riƙe farin zane a gefe, wai don ya mayar da haske kan kuncinta. Na ba da shawarar a kori akuyar, a kuma ɗauke turmi. Ya ce, "Malam Dabo, yau aikinka shiru." Na yi shiru, saboda girman aikin.

Can sai girgije ya taso daga gabas ya rufe rana. Girgije na gaske, Yaya, kuma yana sama inda Allah ya ajiye shi, ba ya cikin hoton. Haske ya yi laushi. Oga Boniface ya tashi ya ɗauki guda biyu tana kallon gefe, yadda ka roƙa. Ya ce an gama.

Goggo ba ta tashi ba. Tana kallon turmi ta ce, "Wancan da aka ce kunnensa ya tafi. Idon yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Goggo."

Ta ce, "To."

Ta gyara mayafinta. Ta ɗago kai, ta juyo, ta dubi cikin idon kyamarar nan kai tsaye. Ban taɓa ganin haka ba, Baba Maliki ma da suka fito ciki ɗaya ya ce bai taɓa gani ba. Babu wanda ya ce mata ta yi. Oga Boniface bai gyara komai ba, ya danna sau ɗaya. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wake yana ƙonewa, alhali ba a ɗora komai a wuta ba.

Da za ta shiga ɗaki, ta tsaya ta ba mu baya ta ce, "A gaya masa, in ya zo ya zauna ta gabana. Na tsufa da juya wuya."

Yanzu ka ga matsalata. Ka ce shaidar hoton ƙarya ita ce ido, ga shi kuma na gaskiyar ya zo da ido. Na san za ka ce Onyinye ce. Saboda haka na ɗauki matakai. Na bi su Daura a ranar, kyamarar tana rataye a wuyana. A gabana aka zare ɗan katin da ke cikinta aka sa a injin wanke hoto, bai bi ta kwamfuta ba, Onyinye kuma tana bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ka duba da kyau. Tsaga uku suna nan. Goro yana nan. Akuya tana nan. Akwai ƙuda a gwiwarta. A gefen dama za ka ga gwiwar hannun mutum, tawa ce, na roƙa a yanke ta aka ƙi. Abin da ke ƙyalli a idonta kuma ba hasken inji ba ne.

Badaru zai sauke raguna ya juyo ranar Talata, sha ɗaya ga wata, don ya yi layya a gida. Ya ce babu kowa a kujerar gaba.

Waɗanda suka ga abin da ya faru da idonsu, kuma suka sa hannu ko suka dangwala a ƙasan wannan takarda, su ne:

Malam Maliki Auta, ƙanin Goggo, ya dangwala.
Amatullahi, mai ɗakina, wadda ta riƙe zane, ta dangwala.
Abbas mai shago, wanda ya leƙo ta katanga, ya sa hannu.
Oga Boniface mai hoto, Daura, ya sa hannu.
Onyinye Boniface, ta sa hannu, ta ce a rubuta cewa ba ta taɓa ba.
Ni Dabo Maliki, na rubuta da hannuna.

Ta ƙarshe ita ce Goggo Hasana. Na nuna mata inda za ta dangwala a nan ƙasa, ta ƙi. Ta ce, "Ina sunan wancan?" Na nuna mata a saman takarda. A kai ta ɗora yatsan. Shi ya sa za ka ga sunanka ya ɓaci da tawada. Ban gyara ba.